Bununi ba shi ne maniyyin tsiro ba, shi ne ke ƙera shi

Tambaya: Malam, ina shekarar farko a karatun ilimin tsirrai. A sakandare an koya mana cewa bununi, wato garin fure, shi ne maniyyin tsiro. Yanzu kuma na ji ana cewa bununi ne ke samar da ƙwayoyin maniyyi. Wanne ne daidai? In na biyun ne, ta yaya busasshen gari da iska ke kwasa zai haifar da wani abu a cikinsa?

Amsa: 'Yata, na biyun ne daidai, kuma ina so ki riƙe shi da hannu biyu, domin duk wanda bai warware wannan ƙulli ba zai yi ta tuntuɓe a sauran darussan haihuwar tsirrai. Ƙwayar bununi guda ɗaya tsiro ce mai rai, namiji, wadda duk jikinta bai wuce ƙwayoyin halitta biyu ko uku ba. Ƙwayar halitta ita ce abin da kuke kira sel a aji, kuma haka zan kira ta. Wannan ɗan mitsitsin tsiro yana da aiki biyu: ya ƙera ƙwayoyin maniyyi guda biyu, sannan ya kai su inda ƙwai yake. Bushewar da kike gani barci ce kawai. Ya zubar da yawancin ruwan jikinsa ne don ya jure tafiya.

Abin yana farawa tun fure bai buɗe ba. A kan sashen namiji na fure akwai jakar bununi, wadda a yawancin tsirrai take da ɗakuna huɗu. A cikin kowane ɗaki akwai wasu sel da ake kira iyayen bununi, kuma kowannensu yana ɗauke da cikakken adadin kuromosom na tsiron, wato ƙunshe-ƙunshen bayanan gado da ke cikin sel, rabi daga uwa, rabi daga uba. A masara 20 ne, a shinkafa 24. Kowane ɗaya daga cikin iyayen nan yana yin rabuwar ragi, wadda ake kira miyosis, sai ya fitar da sel huɗu masu rabin adadin: 10 a masara, 12 a shinkafa. Da farko huɗun suna manne a cikin wani kauri mai suna kalos, daga baya kaurin ya narke su rabu. Kowannensu shi ne zai zama ƙwayar bununi guda.

A nan ne rikicin ya samo asali. A jikin dabba da ɗan Adam, sel ɗin da rabuwar ragi ta fitar shi ne kai tsaye yake rikiɗewa ya zama maniyyi. A tsiro ba haka ba ne. Abin da rabuwar ragi ta fitar sai ya sake rabuwa, ya gina wani ɗan jiki na kansa, sannan wannan jikin ya samar da maniyyi. Ke nan a rayuwar kowane tsiro akwai zuriya biyu masu karɓa-karɓa: babba mai cikakken kuromosom, wato bishiya ko karan da kike gani, da ƙarama mai rabin kuromosom. Wilhelm Hofmeister na Jamus ne ya fito da wannan fili a 1851. A gansakuka ƙaramar zuriyar ce koren da ake gani a jikin dutse mai laima. A tsirrai masu iri ta ƙanƙance har ta shige cikin ƙwayar gari.

Kafin ɗan sel ɗin ya yi komai sai an yi masa sulke. Bangon kowane ɗaki yana da shimfiɗar sel masu ciyarwa, tafetum, waɗanda ke ba shi abinci, su kuma zuba masa sinadarin siforofolenin a bayansa. Wannan sinadari yana cikin mafi taurin abubuwan da wani mai rai ke ƙerawa, shi ya sa ake tono bawon bununi a cikin duwatsu masu shekaru miliyoyi, har a gane dangin tsiron daga zanen jikinsa. Idan tafetum ya gama aikinsa sai ya mutu, kuma dole ya mutu a kan lokaci. In ya riga lokaci ko ya makara, bununin ya lalace. Wannan ne ya sa kwanakin da ke kafin buɗewar fure suke cikin lokutan da suka fi haɗari ga amfanin gona. An nuna cewa zafin dare mai tsanani yana sa tafetum na wake ya ruguje da wuri, fure ya buɗe da kyau amma babu bununi mai rai a ciki, ya kaɗe bai ɗaura ɗa ba. Sanyi ma yana yi wa shinkafa irin wannan ɓarna a daidai wannan mataki.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki duba sosai, domin a ganina nan ne zuciyar al'amarin. Sel ɗin nan guda ɗaya da ke cikin sulke yana tara ruwa a wata babbar jaka a tsakiyarsa, jakar ta tura cibiyarsa, inda kuromosom suke, zuwa gefe har ta jingina da bango. A can gefen take rabuwa. Wannan karon rabuwar kwafi ce, maitosis, wadda ba ta rage kuromosom, amma kason ba daidai ba ne ko kaɗan. Ɓangare ɗaya ya kwashe kusan dukkan ruwan sel da abinci da kayan aiki, ya zama babban sel. Ɗayan ya tashi ɗan ƙarami, siffar ƙwayar ido, manne da bango. Kuromosom ɗinsu iri ɗaya ne sak, amma makomarsu ta bambanta har abada. Babban ba zai sake rabuwa ba, shi ne zai tsiro da bututu. Ƙaramin shi ne sel mai haihuwa, daga gare shi maniyyi zai fito.

Za ki iya tambaya: rashin daidaiton ne ke jawo bambancin, ko kuwa haɗuwa ce kawai? An gwada. A 1995 David Twell da abokan aikinsa a Jami'ar Lesta ta Ingila sun reni 'ya'yan bununin taba, wato bununin da yake sel ɗaya tukuna, a cikin kwano, suka sa musu sinadarin kolcisin wanda ke dagula zaren da ke jan kuromosom. A waɗanda rabuwar ta zo daidai wa daida, sel biyun duka sun ɗauki halin babban sel, babu wanda ya zama mai haihuwa. Ashe halin babban sel shi ne abin da ake samu idan ba a yi komai ba, kuma sai an ware ƙaramin a gefe, an hana shi abin da ke cikin babban, sannan zai kama hanyar zama maniyyi.

Abin da ke biyo baya kusan babu irinsa a duniyar masu rai. Ƙaramin sel ya ɓamɓaro daga bango, babban ya kewaye shi ta ko'ina har ya haɗiye shi ɗungurungum ba tare da ya narkar da shi ba. Sel a cikin sel, kowanne da fatarsa. Daga nan ƙaramin yana rayuwa ne a kan abincin babban. A yawancin tsirrai masu fure ana barin 'yan jakunkunan da ke zama koren ganye a wajen ƙaramin sel, ko su lalace a cikinsa, shi ya sa ake gadonsu ta wajen uwa kawai.

Saura rabuwa ɗaya. Ƙaramin sel ya sake yin rabuwar kwafi, wannan karon daidai wa daida, ya zama ƙwayoyin maniyyi biyu. Lissafin ke nan: uban bununi ɗaya yana ba da ƙwayoyin bununi 4, kowace ta ba da maniyyi 2, jimla 8. A tsiron Arabidofsis, wanda masu bincike suka fi amfani da shi, an gano wata ƙwayar gado mai suna DUO1 da ke aiki a cikin ƙaramin sel kaɗai. Idan ta lalace, rabuwar nan ba ta aukuwa, kuma sel ɗin da ya rage ba ya iya haɗuwa da ƙwai. Ita ce ke kunna rabuwar, ita ce kuma ke kunna kayan da ke mayar da sel maniyyi na gaske.

Lokacin wannan rabuwa ta ƙarshe ya bambanta, kuma yana da tasiri a aikace. A 1967 James Brewbaker ya duba bununin tsirrai kusan 2,000, ya samu kimanin kashi 70 cikin 100 suna sakin bununinsu da sel biyu kawai. A irin waɗannan, kamar tumatir da taba, maniyyi bai wanzu ba tukuna lokacin da ƙudan zuma ko iska ta ɗauki garin, sai a cikin bututu ake ƙera shi ana cikin tafiya. Sauran kashi 30 suna gama komai tun a jaka, su saki bununi mai sel uku. Duk dangin ciyawa suna nan, wato masara da dawa da gero da shinkafa da alkama, haka ma dangin kabeji. Bununi mai sel uku a shirye yake, yana tsirowa da sauri, amma ba ya daɗewa. Na shinkafa yana mutuwa cikin mintoci bayan ya bar jaka, na masara cikin 'yan sa'o'i. Na dabino kuwa, mai sel biyu, ana iya busar da shi a ajiye watanni. Duk mai aikin haɗa irin hatsi ya san cewa da agogo yake tsere.

Idan kin ga maniyyin tsiro mai fure a madubin ƙara girma, ba zai yi miki kama da abin da kika sani ba. Ba shi da wutsiya, ba ya iyo, ba ya motsa kansa ko taƙi ɗaya. Cibiya ce a dunƙule da ɗan ruwan sel kaɗan a cikin fata. Biyun suna haɗe da juna, kuma ɗaya daga cikinsu yana da wani siririn tsawo da ke riƙe da cibiyar babban sel, don haka su ukun suke tafiya tare. Matsayinsu matsayin fasinja ne a cikin jirgi: tuƙi da neman hanya duk na babban sel ne. An tabbatar da haka a 2017, lokacin da aka samar da bununin Arabidofsis wanda babu maniyyi a cikinsa sam, amma bututunsa ya tsiro, ya bi hanya, ya isa wurin ƙwai ya fashe, ba tare da ya kawo komai ba.

Tafiyar kanta tana farawa ne idan ƙwayar bununi ta sauka a kan macen fure. In macen ta karɓe ta, domin tsirrai da yawa suna gane bununin jikinsu ko na baƙon dangi su ƙi shi, sai ta ba ta ruwa. Ƙwayar ta kumbura, babban sel ya farka, ya turo bututu ta wata kafa da aka bari a jikin sulken. Giovanni Battista Amici na Italiya ne ya fara ganin wannan bututu a shekarun 1820. A bakinsa kaɗai yake tsawo, kuma yana tafiya yana toshe bayansa da kalos, ta yadda rayayyen ɓangaren da maniyyin kullum suna gaba. A masara kowane silin gemu hanya ce zuwa ƙwai ɗaya. Ƙwayar bununin masara ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma bututunta yana iya cin santimita guda a sa'a, ya ratsa gemu mai tsawon santimita 30. Sel ɗaya ne ke yin wannan. Idan kika ga masara mai giɓi-giɓi, sau da yawa kowane giɓi ƙwai ne da bututu bai kai gare shi ba.

A ƙarshen hanya macen ce ke kira. Jakar ƙwai a yawancin tsirrai tana da sel bakwai, kuma biyu daga ciki suna tsaye a bakin ƙofa kusa da ƙwai. Tetsuya Higashiyama na Japan ya nuna a 2001 cewa idan aka kashe waɗannan biyun da hasken leza, bututu ba ya gane ƙofa, sannan a 2009 shi da tawagarsa suka gano ƙananan sinadaran da suke fitarwa don jawo shi. Bututun ya shiga ɗaya daga cikinsu, bakinsa ya fashe, ya watso maniyyin biyu.

Me ya sa biyu? Domin haɗuwa biyu ake yi. Ɗaya ya haɗu da ƙwai, adadin kuromosom ya koma cikakke, a samu ɗan tayin sabon tsiro. Ɗayan ya haɗu da babban sel na tsakiyar jaka, wanda ke da kaso biyu na uwa, a samu nama mai kaso uku, 30 a masara, wanda zai zama abincin da aka tanadar wa ɗan tayin. Sergei Nawaschin ne ya gano wannan a Kiyef a 1898, Léon Guignard kuma ya gano shi da kansa a Faransa a 1899. Yawancin garin da ke cikin ƙwayar masara ko alkama ko shinkafa daga wannan haɗuwa ta biyu ya fito. Kina iya ganin shaidarta da ido: idan bununin masara rawaya ya faɗa kan gemun farar masara, ƙwayoyin da ya haifa suna fitowa rawaya a kan wannan goyon a wannan shekarar, saboda maniyyi na biyu ya kai launin uba cikin abincin irin. Haɗewar fatar maniyyi da ta ƙwai kuwa wani sinadari ne a jikin maniyyin ke yin ta, HAP2, wanda aka bayyana a 2006, kuma an same shi yana wannan aiki har a ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, abin da ke nuna tsufansa.

Duk wannan labarin masu fure ne. Akwai wasu masu iri da ba sa fure, irinsu a fili yake, kamar fain mai ganye kamar allura, da saikad mai kama da dabino, da ginko, wata bishiya ta ƙasar Sin, kuma su ne ke nuna mana daga ina aka taso. Bununinsu ya fi yawan sel. A fain, ana fara yanke ƙananan sel biyu da ba su da wani aiki, ragowar jikin tsohuwar zuriyar, sannan a samu mai bututu da mai haihuwa. Mai haihuwar ya rabu biyu, ɗaya bakarare, ɗayan kuma ya sake rabuwa ya ba da maniyyi biyu. Ba a gaggawa: tsakanin saukar bununi da haɗuwa da ƙwai ana ɗaukar fiye da shekara. Maniyyi ɗaya ne ke aiki, ɗayan ya lalace, domin abincin irin fain daga jikin uwa aka riga aka tanade shi.

Saikad da ginko su ne suka fi ban mamaki, domin maniyyinsu yana iyo. A 1896 Sakugoro Hirase, wanda aikinsa zanen tsirrai ne a jami'ar Tokiyo, ya ga maniyyin ginko yana motsi, kuma a wannan shekarar Seiichiro Ikeno ya ga na saikad. Bishiyar da Hirase ya yi aiki a kanta tana nan a lambun Koishikawa. Maniyyin ginko yana da gashin iyo wajen 1,000. Na saikad yana da dubbai goma-goma, kuma a wani nau'in girmansa ya kai kusan milimita 0.4, har ido yana iya ganinsa, babu maniyyin tsiro da ya kai shi. A waɗannan tsirrai bututun ba ya kai maniyyi bakin ƙwai. Yana kutsawa cikin naman uwa ne yana tsotsar abinci tsawon watanni, in lokaci ya yi gindinsa ya fashe, maniyyin ya yi ɗan gajeren iyo a cikin ruwan da ke cikin ƙunshin ƙwan.

Ki jera su ki gani. Maniyyin gansakuka dole sai ya sami ruwan sama ko raɓa a waje ya yi iyo zuwa ƙwai, shi ya sa haihuwarta ke ɗaure da laima. Na saikad yana iyo har yanzu, amma a cikin ruwan da tsiron ya tanada a ciki. Na fain da na masu fure ya bar iyo gaba ɗaya, bututu ke kai shi. Wannan ne ya ba tsirrai masu iri damar haihuwa a busasshiyar ƙasa da ƙolin bishiya, kuma shi ya sa nake ƙin a ce wa ɗalibi bununi maniyyi ne ko da don sauƙaƙawa. In aka faɗi haka an shafe babban sel daga labarin, alhali shi ne ya ɗauki nauyin da ruwa ke ɗauka a da.

Akwai wata hujja kuma daga ɗakin gwaji. A 1964 Sipra Guha da Satish Maheshwari a Jami'ar Delhi sun reni jakunkunan bununin wani nau'in zaƙami, sai 'ya'yan bununin suka bar hanyar ƙera maniyyi suka riƙa rabuwa har suka zama 'yan tayi, kowanne da rabin kuromosom. Masu kyautata iri suna amfani da wannan dabara har yau: a samu tsiro mai rabin kuromosom, a ninka masa su, a sami tsantsar iri a zuriya ɗaya maimakon shekaru ana tacewa.

Ina ba ki shawara ki gani da idonki, tunda ba ya buƙatar kaya masu yawa. Ki narkar da giram 10 na sukari a mililita 100 na tataccen ruwa, ki sa giram 0.01 na sinadarin borik asid, domin bututu ba ya tsawo da kyau in babu boron. In akwai kalsiyam naitiret a ɗakin gwajinku, giram 0.03 zai taimaka. Ki ɗiga a kan gilashi, ki kaɗa sabon bununin tumatir ko taba a kai, ki ajiye a cikin rufaffen kwano mai jiƙaƙƙiyar takarda don kada ya bushe. Kada ki fara da na masara ko shinkafa, masu sel uku suna da wuyar tsirowa a gilashi. Cikin sa'a ɗaya ko biyu, idan kin duba a madubin ƙara girma, za ki ga bututu sun fito. Ki ɗiga rinin asitokamin a kan wasu: cibiyar ƙaramin sel za ta kama rini sosai, doguwa siririya, ta babban kuwa dishi-dishi. Sauran ki bar su su kwana, washegari ki rina su, ki bi bututun da suka fi tsawo zuwa kusa da bakinsu. A waɗanda suka yi ƙarfi, inda jiya kika ga cibiya ɗaya mai duhu za ki tarar da biyu, ɗaya a bayan ɗaya.